Matakan Ziyartar Deya, Ƙauyen Marubuta a Tsibirin Mayorka

Deya ƙauye ne da mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba. Yana maƙale a jikin duwatsun Taramuntana, a arewa maso yammacin tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, ga Tekun Bahar Rum a ƙasansa. Tun da marubucin Ingila Robert Graves ya tare a can a 1929, marubuta da masu zane da mawaƙa suka riƙa bin sawunsa, irin mutanen da ba ruwansu da agogo. Yawancin baƙi a yau tsayawa suke yi su ɗauki hoto su wuce. A ganina wannan asarar kuɗin jirgi ce, domin Deya gari ne da sai an taka shi da ƙafa.

Mataki na 1: Biza da lokaci. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Shengen, don haka ka nema da wuri. Ka zaɓi Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta zafi da cunkoso sun yi yawa, ruwa kuma yakan yi wa garin ƙaranci.

Mataki na 2: Ka bar mota. Jirgi zai sauke ka a Palma, babban birnin tsibirin. Daga babbar tashar da ke tsakiyar birnin akwai bas da ke bi ta Baldemosa zuwa Deya, ya zarce Solla. Hanyar siririya ce mai yawan kwana, wurin ajiye mota a ƙauyen kuma ya yi kaɗan. Ka kwana aƙalla dare ɗaya. Masauki a Deya da tsada. Idan aljihu bai kai ba, ka sauka a Solla, ka riƙa shigowa da sassafe.

Mataki na 3: Ka hau tudu tukuna. A ƙololuwar garin akwai cocin Sant Joan Baptista da ƙaramar maƙabarta, inda aka binne Graves bayan rasuwarsa a 1985. Kabarin ba ado, shafen siminti ne kawai da sunansa. Daga nan ka dubi gangaren duwatsun da kyau. Za ka ga gonakin zaitun hawa-hawa, kowane hawa an tare shi da katangar dutse da aka jera ba siminti ba laka. Musulmi sun mulki tsibirin daga 902 har zuwa 1229, lokacin da Sarki Jaume na Ɗaya ya ci shi da yaƙi, kuma dabarun jan ruwa zuwa gona na wannan yanki sun samo tushe daga zamaninsu. Wannan aikin hannu na manoma shi ya sa UNESCO ta sanya duwatsun cikin kayan tarihin duniya a 2011. Masu fasaha sun zo ne suka tarar da kyan da talakawa suka gina, kuma baƙon da bai lura da haka ba bai ga Deya ba.

Mataki na 4: Gidan Graves. Ana kiransa Ca n'Alluny, yana bakin gari a kan hanyar Solla. Yaƙin basasar Sifaniya ya fitar da Graves a 1936, ya dawo a 1946. Yanzu gidan tarihi ne, da teburin rubutunsa da lambunsa. Ka bincika ranakun buɗewa kafin ka je.

Mataki na 5: Ka gangara teku. Tafiyar kusan rabin awa ce ta cikin zaitun zuwa Kala Deya, ɗan lungun ruwa mai tsakuwa. Babu rairayi, don haka ka sa takalmi mai riƙe ƙafa, ka ɗauki ruwan sha, domin dawowar hawa ce. Da yamma ka nufi Son Marroig, tsohon gidan yariman Ostiriya Ludwig Salvator, ka kalli faɗuwar rana ta wajen Sa Foradada, dutsen nan mai huda da ya kutsa cikin teku.

Mataki na 6: Ka kula da abin da za ka ci. Sobrassada naman alade ne, ensaïmada kuma, wani burodi mai zaƙi da za ka gani ko'ina, da kitsen alade aka saba yin sa. Ka nemi kifi, ko pa amb oli, wato burodi da man zaitun da tumatir, ka ce kada a ɗora masa nama.

Mutanen garin Katalanci suke ji, tare da Sifaniyanci. Ka gaishe su da "bon dia", kada ka leƙa gidan kowa da kyamara, kada ka hau katangar gona ko ka tsinki lemon da ba naka ba. Ka yi tattalin ruwa a masaukinka, domin da shi mutanen garin suke sha su kuma shayar da gonakinsu.