Idan Kyamarar USB Ta Ƙi Nuna Bidiyo A Ƙaramar Kwamfuta

'Yan uwana ɗalibai da malamanmu, darasinmu na wannan fitowa a kan ƙaramar kwamfutar nan ne da ake kira Raspberry Pi. An fara sayar da ita a shekarar 2012 daga ƙasar Ingila, domin yara su koyi ilimin kwamfuta da kuɗi kaɗan. Girmanta bai fi katin cire kuɗi a banki ba sosai. Ɗalibai kan haɗa ta da kyamarar USB su tura bidiyo kai tsaye zuwa waya ko wata kwamfutar, misali don gadin ƙofa ko lura da kaji a keji.

Sau da yawa sai a haɗa komai, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin, ko hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya. Nan take sai a ce kyamara ta mutu, a fara karo-karon sayen wata. To, kafin ku kashe kuɗin tara, ku bi waɗannan matakai shida ɗaya bayan ɗaya. Dokar ita ce: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta abin da aka gani. Wanda ya canza abu uku tare, ko an dace ba zai san wanne ne ya gyara ba.

Mataki na 1: Gwada kyamarar a wani wuri

Ku cire ta ku jona a laftof ko babbar kwamfuta. Idan ta nuna hoto a can, lafiyarta ƙalau, matsalar tana gaba. Yawancin kyamarorin yanzu suna bin ƙa'ida ɗaya mai suna UVC, shi ya sa ba sai an saka musu wata manhaja ta daban ba.

Mataki na 2: Wuta

Raspberry Pi ba ta da batir, kuma kyamara a jikinta take shan wuta. Ku karanta rubutun da ke jikin cajar. Samfuri na 3 yana son 5V da 2.5A, samfuri na 4 kuma 5V da 3A. Tsohuwar cajar waya mai 1A za ta iya kunna kwamfutar, amma da kyamara ta fara aiki sai wutar ta gaza. Idan ƙarfin wuta ya sauka ƙasa da kimanin 4.63V, kwamfutar kan nuna gargaɗi a saman allo. Alamar wannan ciwo ita ce bidiyo ya fara da kyau, bayan ɗan lokaci ya yanke.

Kebul ma yana da laifi. Siriri ko dogo yana rage wuta a hanya. A ƙa'idar USB 2.0 bai kamata ya wuce mita 5 ba. Ku gwada gajere mai kauri.

Mataki na 3: Shin kwamfutar ta ga kyamarar?

Ku buɗe baƙar tagar da ake rubuta umarni, wato Terminal, ku rubuta:

lsusb

Za ta jero duk abin da aka jona mata. Ku cire kyamarar ku sake rubutawa. Idan layi ɗaya ya ɓace, to layin kyamarar ne, kuma kwamfutar tana ganinta. Idan babu abin da ya canza, ku sauya rami ko ku koma mataki na 2. Daga nan ku mayar da ita ku rubuta:

ls /dev/video*

Tsarin Linux yana ba kowace kyamara suna, yawanci /dev/video0. A kula, kyamara ɗaya kan fito da suna biyu, video0 da video1, kuma sau da yawa na farkon ne kawai ke ba da hoto. Idan manhajarku tana neman video1, za ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a ciki.

Mataki na 4: Wa ya riƙe kyamarar?

Manhaja ɗaya ce ke iya ɗaukar bidiyo daga kyamara a lokaci guda, kamar guga ɗaya a bakin rijiya. Idan kun ga saƙon "Device or resource busy", ma'anarsa wata manhajar ta riga ku. Ku rufe ta, ko ku kashe kwamfutar ku kunna. Idan kuwa saƙon "Permission denied" ne, to ba a ba sunan da kuka shiga da shi izini ba. Ku roƙi malamin kwamfuta ya saka shi a rukunin da ake kira video.

Mataki na 5: Kaya sun fi ƙarfin hanya

Wannan shi ne ya fi ruɗa mutane, kuma lissafi ne zai fitar da mu. Bidiyo hotuna ne da ke wucewa da sauri, galibi 30 a daƙiƙa ɗaya. Kowane hoto ƙananan ɗigo ne. Kyamara tana iya turo su ta siga biyu. Ta farko YUYV, wato hoto ɗanye, inda kowane ɗigo ke cin bait 2. Ta biyu MJPEG, inda kyamarar ke matse hoton tun kafin ta turo shi.

Mu ɗauki hoto mai 640 × 480. Ɗigonsa 307,200 ne. A ninka da 2, a sake ninkawa da 30, an samu bait 18,432,000 a daƙiƙa. Yanzu mu ɗauki 1280 × 720. Ɗigonsa 921,600, lissafin ya kai bait 55,296,000 a daƙiƙa. Amma abin da irin wannan kyamara ke iya turawa ta USB 2.0 bai wuce kimanin bait miliyan 24 a daƙiƙa ba. Kun ga na farko ya shiga, na biyu kuwa ya ninka hanyar fiye da sau biyu. Kamar a ɗora wa Keke Napep kayan tirela ne. Shi ya sa kyamara kan rage yawan hotuna, bidiyo ya riƙa ɗingishi.

Don sanin abin da kyamararku ke iyawa, ku rubuta:

v4l2-ctl --list-formats-ext

Mai kwafa ya lura, bayan 4 ƙaramin harafin L ne, ba lamba 1 ba. Idan MJPG ya fito a jerin, ku zaɓe shi a manhajarku. Idan babu, ku rage girman hoto zuwa 640 × 480, ko ku rage hotuna zuwa 15 a daƙiƙa. Kyamara biyu a kwamfuta ɗaya kuwa hanya ɗaya suke rabawa, don haka matsewar ta zama dole.

Mataki na 6: Zafi da hanyar sadarwa

Idan zafin ƙwaƙwalwar Raspberry Pi ya kai digiri 80, takan rage gudu da kanta don kada ta lalace. Mu da muka san zafin watan Maris da Afrilu, bai kamata mu kulle ta a kwali ko mu bar ta a rana ba. Umarnin vcgencmd measure_temp zai faɗa muku zafinta. A ba ta iska, ko a saka mata ƙaramar fanka.

Idan bidiyo yana tafiya daidai a allon ita kanta kwamfutar, amma yana tsayawa a wayar da ake kallo, to kyamara ta fita daga zargi. Ku tabbatar duka biyun suna kan Wi-Fi ɗaya, ku matso kusa da na'urar da ke raba shi.

Shawara ga masu baje kolin kimiyya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku gwada aikinku kwana biyu kafin ranar, da cajar da za ku je da ita, ku bar shi ya yi awa ɗaya yana aiki. Matsalar wuta da ta zafi ba lallai ne su fito a minti biyar na farko ba. Ku tafi da kebul na biyu da takardar da kuka rubuta gwaje-gwajenku.

Aikin gida

Hoto mai 1920 × 1080 a sigar YUYV, bait nawa yake ci? Hotuna nawa irinsa za su iya wucewa a daƙiƙa ɗaya ta hanya mai ɗaukar bait miliyan 24? Ku rubuta amsa da sunan ajinku ku miƙa wa Kulob ɗin 'Yan Jarida kafin Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare