Ragowar taki: buhu ake rubutawa, ba kuɗi kaɗai ba

Da zarar an sako ruwan Tiga a kanal, shagunan taki na Kura da Bunkure sai su cika da manoman shinkafa da tumatir. Manomi ya biya kuɗin yuriya buhu 10, a sito kuwa 6 suka rage. Nan rigima take samo asali.

Ɗan'uwa mai shago, idan kana amfani da manhajar ciniki, kada ka shigar kamar an kwashe kayan duka. Rubuta 6 sun fita, ana bin ka 4, da farashin ranar da lokacin da ka yi alkawari. Rasit ɗin POS kuɗi kaɗai yake nunawa, kuma rubutunsa gogewa yake a aljihu, don haka ka ba manomin takarda da sa hannunka. Mota na isowa daga Kano a ware nasa tukuna, ko da farashi ya tashi, amana ce.

Wanda ya dawo da maganin feshi ya ce a ajiye masa kuɗin, shafinsa daban ne, da naira ake rubutawa. Ka nuna wa yaron shago wannan tsarin, saboda ranar da ba ka nan.