Rundunar Da Ke Cikin Ƙirjinka

'Yan uwa, wanda ya ce "zuciya ɗaya na so, ɗaya ba ta so" gaskiya ya faɗa. Alƙur'ani ya ambaci rai mai umarni da mummuna (Yusuf: 53), mai zargi (Ƙiyama: 2), da natsattse (Fajr: 27). Imam Ghazali kuma, a Ihya'u, ya kamanta zuciya da sarki mai runduna.

A shekarun 1980, masanin halayyar ɗan Adam Richard Schwartz na Amurka ya kasa ɓangarorin mutum uku:

1. Rauni da aka kulle, kamar kunya ko tsoron yarinta.
2. Masu gadi, da ke hana a taɓa raunin.
3. 'Yan kwana-kwana, masu kashe zafin ko ta halin ƙaƙa.

Ɗalibi a Samaru da aka saba ce masa daƙiƙi zai kwana karatu don gudun gori. Mai gadi kenan. In ya faɗi jarrabawa sai ya koma ƙwaya. Ɗan kasuwar Sabon Gari kuwa, karayar jari ta sa ya huce kan iyali.

Laifi dai laifi ne, sai tuba. Amma tsine wa kai ba ya warkar da rauni. Ka tambayi kanka: me wannan fushin yake karewa?

In abin ya yi nauyi, ka je wurin likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Shika. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah Ya ba mu natsuwa.