Yadda ake shirya bangon banɗaki kafin a manna tayil

Idan ka ga tayil ya ɓamɓare a banɗaki, da wuya laifin ya zama nasa. Galibi bangon da ke bayansa ne ba a gyara ba.

A fara da aikin famfo da na lantarki. Duk bututun da zai bi cikin bango a sare masa hanya a jikin bulo, a binne shi. Sai a toshe bakunan bututun ruwa, a saki ruwa ya kwana a ciki. Idan gari ya waye babu danshi, an tsira. Ɗigon da aka gano yau cikin sauƙi ake gyara shi; wanda aka gano bayan tayil sai an fasa.

Daga nan a kankare busasshen simintin da ya maƙale, a share ƙura, a cike ramuka da tsagogi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa.

Sai awo. Magini ya sako igiya mai nauyi a baki daga sama, ya ga inda bangon ya turo ciki da inda ya lotsa. Ya ɗora ƴan dunƙulen siminti nan da can, duka a kan layi ɗaya, su zame masa jagora.

Kafin fulasta a jiƙa bulo, don kada ya zuƙe ruwan kwaɓin. Kwano ɗaya na siminti, huɗu na tankaɗaɗɗen yashi marar laka. Wato buhu mai kilo 50, wanda yake cika kwanon sarki 2, zai ci kwano 8. Kaurin kada ya wuce milimita 15 a shafi ɗaya. A ja shi da miƙaƙƙen katako, amma kada a goge ya yi santsi. A karce fuskarsa tun yana ɗanye, domin a nan tayil zai samu abin kamawa.

Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa: fulasta na son ban ruwa safe da yamma har kwana 7, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da shi kafin ya yi ƙarfi. Bayan haka a bar shi ya bushe sosai, a ƙwanƙwasa ko'ina. Inda ya yi amon ganga bai kama ba, a sare a sake.

Sai a shafa maganin hana ruwa shiga sau biyu, a tsananta a kusurwoyi, da gindin bango, da kewayen bututu. A wurin wanka a kai shi sama da tsayin mutum.

Daga ƙarshe a ɗauko siririn tiyo mai ruwa a fitar da layi madaidaici kewaye da ɗakin. Daga wannan layin mai tayil zai fara, ba daga daɓe ba, domin daɓen banɗaki da gangan ake karkata shi ruwa ya gangara.