Darasi: yadda mai kula da ɗakin karatu zai ƙaro ilimi kyauta ta intanet

A wuraren da iyalai suka samu mafaka a arewacin Kamaru, tun daga sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, har zuwa unguwannin Kaele da Marwa da Garwa inda wasu ke zaune tare da 'yan gari, akan samu ɗan wurin da aka tara littattafai. Wani wurin kabad ne a ofishin makaranta, wani akwatin ƙarfe ne a filin wasan yara, wani kuma ɗaki ne guda da tabarma da benci. Yawanci akan damƙa mabuɗin wurin ga saurayi ko budurwa da suka ɗan yi karatu, ko ga malamin da ya yarda ya ƙara wannan a kan aikinsa, ba tare da an koya musu yadda ake riƙon wurin ba.

Abin da kan biyo baya sananne ne. Ko dai a kulle littattafan don tsoron kada su ɓace, yara su girma ba su taɓa su ba, ko kuma a sake su babu lissafi, kafin damina biyu rabi sun salwanta, gara ta ci sauran. Yaron da gudun hijira ya riga ya cinye masa shekara ɗaya ko biyu na makaranta shi ne ke ɗaukar asarar. Wannan darasi zai nuna cewa aikin ɗakin karatu sana'a ce da ake koyo, kuma ana iya fara koyon ta kyauta da wayar hannu.

Me ake koya?

Abubuwa huɗu ne ginshiƙin aikin, kuma duk kwas mai kyau zai taɓo aƙalla ɗaya daga cikinsu.

Na farko, rajista. Kowane littafi yana da lamba tasa, a rubuce a cikinsa da kuma cikin babban littafin rajista, tare da sunan littafin, marubucinsa, harshensa da ranar da ya iso. Akwai kuma littafi na biyu na aro: wa ya ɗauka, yaushe, yaushe zai dawo da shi. Idan babu waɗannan biyu, babu wanda zai iya cewa littafi nawa ne ake da su.

Na biyu, jeri. Manyan ɗakunan karatu da yawa a duniya suna bin tsarin da wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma. Misali, lamba 200 ta addini ce, 400 ta harsuna, 500 ta kimiyya da lissafi, 600 ta lafiya da noma da sana'o'i, 800 ta adabi, 900 ta tarihi da labarin ƙasa. Wurin da littattafansa ba su wuce ɗari biyu ko uku ba zai iya farawa da launi: jan tambari ga na ƙananan yara, kore ga na firamare, shuɗi ga na manya. Abin da ake so shi ne yaro ya iya gano littafi da kansa, ya kuma mayar da shi inda ya ɗauko.

Na uku, kariya. A ƙasarmu maƙiyan littafi su ne gara, laimar damina, ƙurar hunturu da ɓeraye. Ana koyon ɗaga kanta daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango, a riƙa kaɗe ƙura, a kuma ɗinke ko a manne littafin da ya fara yagewa tun kafin shafukansa su watse.

Na huɗu, kuma mafi girma, jawo masu karatu. Yadda ake karanta wa yara labari da murya, a tsaya a tambaye su, a bar su su faɗi abin da suke zaton zai faru. Yadda ake zaɓar wa yaro littafin da bai fi ƙarfinsa ba. Yadda ake ware lokaci ga 'yan mata da iyaye mata, don kada samari su mamaye wurin. Ɗakin da aka jera shi tsaf amma ba mai shiga bai yi aikinsa ba.

Ina ake samun darussan?

Kafin a zaɓi wuri, a fara duba harshe. Wanda ya yi makaranta a Najeriya ko a makarantun Minawao zai fi sakewa da Ingilishi. Wanda ya yi a Kaele ko Yagwa ko Garwa yawanci Faransanci ne a bakinsa. Kowa ya fara da harshen da yake karantawa ba tare da wahala ba.

Da Ingilishi akwai WebJunction, wanda ƙungiyar ɗakunan karatu ta OCLC da ke Amurka ke gudanarwa tun 2003. An gina shi ne musamman don ma'aikatan ɗakin karatu, har da waɗanda ba su taɓa karanta fannin a makaranta ba. Akwai darussa kan jera littattafai, karɓar masu zuwa da karanta wa yara labari. Buɗe asusu kyauta ne, kuma ana ba da takardar kammalawa. Akwai kuma OpenLearn na jami'ar Open University ta Ingila, wanda ke ba da darussa kyauta tun 2006 a fannoni da yawa, ciki har da koyarwa da ƙarin ƙwarewa a Ingilishi.

Da Faransanci akwai ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières, wato ɗakunan karatu marasa iyaka, wadda aka kafa a Faransa a 2007. Ita ce ta samar da BSF Campus, darussa na kyauta don ma'aikatan ɗakin karatu na ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma Kamaru na cikin ƙasashen da shirin ya fara aiki da su. Wannan ƙungiya ta san zaman sansani, domin ita ce ta ƙera Ideas Box, ɗakin karatu da ake naɗewa cikin akwatuna, wanda aka fara kai wa 'yan gudun hijirar Kwango a Burundi a 2014. Akwai kuma FUN-MOOC, dandalin jami'o'in Faransa da aka buɗe a 2013, inda bin darasi kyauta ne.

A nahiyarmu akwai AfLIA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka mai hedikwata a Akra ta ƙasar Gana. Tana shirya laccoci ta intanet, kuma ta taɓa gudanar da kwas da Ingilishi da Faransanci kan yadda ma'aikatan ɗakin karatu za su yi aiki da Wikipedia.

Tunda mai kula da ɗakin karatu yana zama da 'ya'yan mutane, ya wajaba ya san yadda ake kare yara. Dandalin Kaya, na ƙungiyar Humanitarian Leadership Academy, yana da darussa kyauta kan wannan da Ingilishi da Faransanci da Larabci, kuma manhajarsa ta waya tana ba da damar sauke wasu darussan a karanta ko babu sabis. Agora na UNICEF shi ma yana da irinsu.

Ba sai an haddace adireshi ba. A rubuta sunan dandalin daidai a wurin bincike na Google, a shiga shafinsa na ainihi.

Me ya sa kyauta ne?

Wani zai ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce an riga an biya kuɗin, amma ba daga aljihun ɗalibi ba. Jami'o'i da gwamnatoci da gidauniyoyi ne ke ɗaukar nauyi. Gidauniyar Bill da Melinda Gates, alal misali, ita ce ta ba da kuɗin kafa WebJunction. Abin da ɗalibi ke kashewa shi ne kuɗin data, cajin waya da lokacinsa.

Saboda haka a yi hattara. Duk wanda ya turo saƙo ta WhatsApp ko Facebook yana neman a tura masa kuɗi ta waya don ya yi wa mutum rajista, ko ya yi alkawarin aiki a wata ƙungiya bayan an biya, to ɗan damfara ne. Buɗe asusu a wuraren da aka ambata ba ya bukatar hoton katin zama ɗan gudun hijira, ko lambar katin abinci, ko lambar sirrin asusun kuɗi na waya. Suna da adireshin imel sun isa a mafi yawansu. A wasu dandalai darasin kyauta ne amma akwai wata takardar shaida ta musamman da ake saye. Ba dole ba ce, kuma ana rubuta farashinta a fili a shafin.

Yadda za a fara

1. A buɗe adireshin imel da cikakken suna kamar yadda yake a takardu, domin sunan da aka yi rajista da shi ne zai fito a takardar kammalawa. A rubuta kalmar sirri a takarda, a adana ta a gida. Wanda bai iya ba ya nemi malami ko ɗalibi ya nuna masa. A Kaele akwai ɗaliban makarantar ma'adinai da man fetur ta Jami'ar Marwa, kuma irin wannan aiki ba ya ɗaukar su minti goma.

2. A zaɓi kwas guda ɗaya, gajere. Masu yin rajistar biyar a rana ɗaya su ne ba sa gama ko ɗaya.

3. A tattala data. Bidiyo ne ke cinye ta. A rage ingancin hoton bidiyon, ko a karanta rubutaccen bayanin da yawancin darussa ke sakawa a ƙarƙashinsa. Idan an samu wurin da sabis ɗin MTN ko Orange ke da ƙarfi, a sauke abin da za a karanta na mako guda a lokaci ɗaya. A kashe sabunta manhajoji da kansu.

4. A tsayar da lokaci. Rabin awa a rana, kwana biyar a mako, awa goma ke nan a wata, kuma wannan ya isa a gama ƙaramin kwas. Da yayyafi kogi kan cika.

5. A riƙe littafin rubutu. Waya tana iya lalacewa ko ta ɓace, amma abin da aka rubuta da hannu yana nan, kuma wanda zai gaji aikin zai amfana da shi.

6. A yi karatun tare. Mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗin data su saurara a waya ɗaya, wanda ya fi jin harshen ya fassara wa sauran da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri. Sai dai kowa ya buɗe nasa asusun idan yana son takarda da sunansa.

7. Abin da aka koya a wannan mako, a gwada shi a wannan mako. Idan darasin rajista ne, a ɗauko littattafai ashirin a ba su lamba.

Idan littattafan sun yi kaɗan

Wanda ya saba da karatu ta waya zai iya samo wa yara abin karantawa ta wannan hanyar. African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe, yana da labaran yara masu hotuna cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa, kuma an yarda a sauke su a buga a takarda ba tare da biyan kowa ba. StoryWeaver na ƙasar Indiya ma haka yake. Manhajar Kiwix kuwa tana ba da damar ajiye Wikipedia a waya ko kwamfuta a karanta babu intanet. Ta Hausa ba ta da nauyi sosai, za ta shiga katin memori. Yaron da ya fara karatu da harshen da yake ji a gida yakan fi saurin kama Faransanci ko Ingilishi daga baya.

Darajar takardar shaida

A faɗi gaskiya a nan, don kada wani ya sa rai da abin da babu. Takardar kammala irin waɗannan darussa ba digiri ba ce, ba difloma ba ce, kuma ba ta wajabta wa kowa ya ɗauki mutum aiki. Mai son zama cikakken ma'aikacin ɗakin karatu sai ya bi ta makaranta, kamar ESSTIC ta Jami'ar Yawunde ta Biyu, ko sashen nazarin aikin laburare a Jami'ar Maiduguri, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Amma takardar tana nuna cewa mutum bai zauna haka ba a shekarun hijira. Idan aka haɗa ta da wasiƙar shugaban makaranta da ke shaida cewa ya riƙe ɗakin karatu shekara guda da amana, to abu ne da za a iya gabatarwa wajen neman aiki ko tallafin karatu, a nan ko bayan an koma gida. A buga takardar, a kuma bar kwafinta a cikin imel, inda ruwa ko gobara ba za su kai gare ta ba.

Rawar iyaye

Iyaye, wannan aiki ba zai yiwu ba sai da ku. Idan 'yarku ko ɗanku ne ke riƙe da mabuɗin, ku rage masa aikin gida na rabin awar nan, ku ara masa wayar gida idan ita kaɗai ce. Ku ce ya nuna muku abin da yake karantawa, hankalinku ya kwanta. Idan yaronku ya aro littafi, ku tuna masa ranar mayarwa. In ya yage, a kai shi haka nan a gyara, kada a ɓoye don jin kunya. Dattawan da ba su yi boko ba su ma suna da nasu gurbin: tatsuniya da tarihin garuruwan da aka baro suna bakinsu, kuma mai kula da ɗakin karatu da ya samu horo zai san yadda zai gayyace su, ya rubuta abin da suka faɗa da izininsu.

Tambayoyin tattaunawa

1. Littafi nawa ne a wurin karatun da ya fi kusa da ku, kuma wa ke riƙe da lissafinsu?
2. Waɗanne yara ne ba sa zuwa, kuma me ke hana su?
3. Waɗanne alamu ne ke nuna cewa tayin kwas na damfara ne?
4. Wa za ku iya haɗa kai da shi ku fara kwas ɗaya a wannan wata?

Aikin wannan mako

A sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, a ja masa layuka biyar: lamba, sunan littafi, marubuci, harshe, ranar isowa. A shigar da littattafai ashirin na farko. Sannan a buɗe imel, a zaɓi kwas guda, a rubuta a bangon littafin ranar da ake son gama shi.