An Sa Sabon Tanki, Inji Ya Ƙi Tashi: Bi Sawun Mai Kafin Ka Kwance Famfo

Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun bar wa masu injina a ƙasar Hadejia wani ciwo da bai fito fili ba sai daga baya. Injin da ya kwana cikin ruwa a Auyo ko Guri ko Kirikasamma, an wanke shi, an canza masa baƙin mai, ya ci gaba da aiki, amma tsatsa tana nan tana cin tankinsa ta ciki. Yau ya ɗiga, gobe a liƙe da sabulu, jibi a kai wa mai walda, har a gaji a sayi sabo. To daga nan ne kukan yake farawa: jiya da ruɓaɓɓen tanki inji yana aiki, yau da sabo fil ya ƙi ko tari.

Na ga irin wannan da idona wajen wani mai injin casa a bayan gari. Buhunan shanshera jibge, masu kaya sun zauna a inuwa suna jira, yara biyu suna karɓa-karɓa wajen juya hannun inji har rigunansu sun jiƙe sharkaf. Mai injin ya riga ya yanke shawarar a kwance babban famfo a kai Kano. Sai ga wani dattijon makanike a kan babur. Bai ce a taɓa famfo ba. Ya ɗauki sifana ya sassauta wani ɗan ƙaramin noti a saman filta, sai kumfa ta fara fitowa kamar ta sabulun wanki. Ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa lau, iska ya sha." Kafin a kira la'asar ana casa.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Injin gas ba shi da filogi irin na injin fetur. Fistin ne yake matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sannan nozul ya fesa mai a ciki, ya kama da kansa. Kafin bakin nozul ya buɗe, sai famfo ya turo man da ƙarfin gaske. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Idan ƙwayar iska ta shiga bututu, duk turin da famfo ya yi sai ta lanƙwashe ta shanye shi, nozul ya zauna a rufe. Kuma babu yadda za a yi ka cire tanki iska ba ta shiga tiyo ba.

Kafin ka ɗauki sifana, kalli salansa yayin da ake juya injin. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isa ciki. In farin hayaƙi yana fita jefi-jefi, mai yana zuwa amma a gauraye da iska ko ruwa. Sannan ka duba abubuwan da mutum yake jin kunyar a ce su ne: makunnin mai da ke ƙasan tanki a buɗe yake? Sandar kashe inji ta koma wurinta? In tarakta ce ko janareta mai kashewa da makulli, wayar da ke zuwa jikin famfo ba ta fice ba lokacin da ake kokawa da tanki?

Sai yawan man. Da yake gas ya yi tsada, mutane sukan zuba lita biyu ko uku su ce gwaji za a yi. Bututun da ke zuƙo mai a wasu tankunan ba ya kai wa har ƙasa, musamman waɗanda aka ƙera a wajen masu walda, don haka lita uku a faffaɗan tanki iska kawai za ta ba ka. Zuba aƙalla kwatan tanki, in da hali rabi. Ka kuma tabbatar ba a yi musayar tiyo ba, domin guda biyu ne: ɗaya yana kai mai inji, ɗaya yana dawo da rara. Na dawowar bakinsa a sama yake. In aka juya su, ko shekara za a yi ana juyi ba abin da zai zo. Ƙananan injinan China masu fistin ɗaya da tsofaffin Lister kuwa, mai gangarowa yake yi da kansa, saboda haka in sabon tankin ya zauna ƙasa da inda tsohon yake, ka ɗaga shi. Murfin ma ka duba shi: akwai ɗan ramin da tanki yake shaƙar iska ta nan, kuma sau da yawa fenti yakan toshe shi. Alamarsa ita ce inji ya tashi, ya yi 'yan mintoci ya mutu, kana buɗe murfi ka ji ya ja iska fuu.

Yanzu fitar da iskar, abin da makanikai suke kira bilidin. Ƙa'idarsa ɗaya ce: daga tanki ake farawa a nufi inji, ba a tsallake. Cire tiyo daga bakin filta ka tara kwalba mai haske. Man ya zo da ƙarfi, ba ɗis-ɗis ba. Ajiye kwalbar ta ɗan huta ka duba gindinta. Ruwa ya fi gas nauyi, a ƙasa yake kwanciya. In ka ga ruwa ko ɓurɓushin walda ko jan tsatsa, zubar da man tankin, ka wanke shi da gas mai tsabta, ka sa sabuwar filta. Kada ka yi rowar filta a nan, kuɗinta bai kai na gyaran famfo ba. Mayar da tiyon, ka sassauta notin saman filta, ka riƙa danna ƙaramin famfon hannu har kumfa ta ƙare, mai ya fito sumul, sannan ka ɗaure tun man yana zuba. In ka ji hannun famfon yana tafiya fayau babu nauyi, juya injin kaɗan ka sake gwadawa, wurin da ya tsaya ne ya danne shi.

Daga nan sai jikin babban famfo. A taraktocin Massey Ferguson masu injin Perkins, waɗanda suka cika gonakin shinkafa da alkama na kwarin nan, notin fitar da iska biyu ne a jikinsa; fara da na ƙasa, ka koma na sama. Na ƙarshe, sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul guda biyu, ka buɗe totur, a yi kik har ka ga mai yana tsartuwa babu kumfa, ka ɗaure. Galibi kafin ka gama ɗaure na biyu ya fara tari. Kik ɗin kada ya wuce daƙiƙa 15, a bar shi ya huta minti ɗaya, in ba haka ba ka ƙone sitata ka kashe batir, a yi gyaran gangar Auzinawa. Kuma ka janye hannunka daga inda man yake tsartuwa, yana iya huda fata. Motocin zamani masu kwamfuta, irin Hilux ta gas, ba a sassauta musu bututun nozul sam. Famfon hannun da ke kan filta kawai za ka danna har ya yi tauri.

In ya tashi yau, gobe da asuba ya sake ƙi, akwai inda yake zuƙar iska. Abin haushin shi ne irin wannan wurin ba ya ɗigar da mai balle ka gani. Yawanci tsohon tiyo ne da ya bushe ya tsage a baki, ko wosha ta tagulla da aka mayar bayan ta riga ta lotse, ko waya da aka murɗa a madadin kilif. Gwajin da ya fi sauƙi: ɗora galan mai tsabtataccen gas a sama, ka ja sabon tiyo daga cikinsa kai tsaye zuwa filta. In inji ya yi aiki lafiya, laifin yana tsakanin tanki da filta, famfonka ba ruwansa.

Abu biyu nake roƙo a bari. Tsumma da aka jiƙa da fetur ana karawa a bakin shan iska, yana tayar da inji amma yana iya fasa zobe ko ya ƙone mai riƙe da shi. Sai tankin da aka yi da farin kwanon rufi. Sinadarin da aka shafe kwanon da shi yana narkewa a cikin gas ya toshe nozul a hankali.

Idan ka bi duk wannan, mai yana tsartuwa tas a bakin kowane nozul, farin hayaƙi yana fita amma inji bai kama ba, to magana ta bar hannunka. Kira makanike, ka faɗa masa duk abin da ka riga ka yi, kuma ka ce ya auna matsin fistin da feshin nozul kafin ya kwance famfo.