Darasi na 9: Idan Tsohuwa Ta Dangwala Hannu a Takardar Masu Bin Gida-Gida

Lokaci: minti 45, bayan an gama zubi an rufe akwati.
Kayan aiki: takarda, biro, tawadar dangwale, da waya mai ɗaukar hoto.

Manufar darasi

A ƙarshen zaman nan ina so kowace mamba ta san matakin da za ta ɗauka idan ta tarar mahaifiyarta, ko surukarta, ko Baba tsoho sun sa hannu a yarjejeniyar gyaran gida da ba su fahimta ba. Za mu ga yadda ake fasa cinikin, da wanda ke da ikon fasawa, da inda ake kai kuka.

Yadda abin yake faruwa

'Yan uwa mata, kun san su. Suna zuwa da kaka, ko bayan rabon kuɗin ƙungiya, lokacin da suka san akwai ɗan abu a ɗaki. Wani sola yake sakawa a biya da kaɗan-kaɗan, wani kwanon rufi, wani siminti ko haƙa rijiya. Da hantsi suke shigowa, maza suna gona, ke kina kasuwa ko wajen niƙa, sai tsohuwa da jikoki. Da yawansu sana'ar halal suke yi, kuma sola ta amfani gidaje da dama. Matsalar tana wajen wanda zai ce: "Inna, yau kaɗai ne rangwamen, dangwala nan kawai, sunanki za a rubuta."

Mu ɗauki misali, sakatariya ta rubuta kowa ta gani. An ce kafin alƙalami naira 20,000, sannan naira 9,000 duk wata har wata 24. Dubu tara sau ashirin da huɗu ya ba mu 216,000. A haɗa da kafin alƙalami, ya zama naira 236,000. Ita kuwa Inna dubu ashirin ɗin nan kaɗai ta ji. Irin solar nan ta biya-kaɗan-kaɗan tana kulle kanta idan ba a biya ba, ga bashi kuma yana nan. A ƙungiyoyin da nake bi, a kan irin wannan ne mace take zuwa neman rance, ta ce na jari ne, alhali bashin tsohuwa za ta toshe.

Abin da doka ta ce

Wata za ta ce ai an riga an dangwala, bakin alƙalami ya bushe. Ba haka ba ne kullum. Akwai dokar tarayya ta kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC. Ku riƙe sassa uku:

Sashe na 114: mai saye yana da haƙƙin a ba shi bayani a sauƙaƙe, yadda zai gane.

Sashe na 120: mai saye yana iya soke odar kaya ko aikin da ya yi tun kafin a kawo. Mai sayarwa zai iya cire wani abu na ɗawainiya, amma daidai hankali.

Sashe na 124: an hana matsa lamba da tursasawa wajen ciniki. An kuma hana mai sayarwa cin moriyar rashin karatun mutum, ko rashin lafiyarsa, ko rashin jin harshen da aka rubuta takardar da shi.

Ban da wannan, jihohi da yawa suna da tsohuwar dokar kare waɗanda ba su yi karatu ba. Ta ce wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda sai ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, shaidar cewa an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala. Saboda haka ki duba ƙasan takardar. Idan babu wannan, kin samu hujja.

Wataƙila ɗanki ya gani a waya cewa ana da kwana 14 na fasa irin wannan ciniki. Dokar Ingila ce wannan, a Amurka kuma kwana 3 ne. Kada ki zauna kina ƙirga kwanakin wata ƙasa. Ki karanta takardar da ke hannunki, domin wasu kamfanoni suna rubuta nasu wa'adin a ciki. Abin da na sani shi ne, fasawa kafin a buga ƙusa ɗaya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Matakai shida

1. Ki fara da tsohuwa, cikin ladabi. Kada ki ce "Inna, me ya kai ki?" Kunya za ta sa ta ɓoye takardar, ko ta kafe ta ce da saninta ta yi. Ki ce: "Inna, a ba ni takardar nan in kai a karanta mana, kada a cuce mu." Ki tambaye ta abin da aka faɗa mata, da wanda yake wurin, da nawa ta bayar, da ko an karɓi lambarta ta NIN ko BVN.

2. Ki tabbata ita ma tana son a fasa. Sunanta ne a takarda, ita ce mai ciniki. Ke ba ki da ikon sokewa da bakinki sai da yardarta. Idan ta ji lissafin gaba ɗaya ta ce tana so kuma za ta iya biya, haƙƙinta ne. Idan kuwa ruɗewar tsufa ta kama ta har ba ta gane ciniki, a nemi takardar likita, babba a gidan ya tsaya mata.

3. A dakatar da komai. Kada a bari ma'aikata su yaye rufi ko su kafa farantin sola. Kayan da aka sauke a bar su a kwalinsu, a inuwa, kada yara su taɓa. Kada a ƙara biyan ko sisi, kada a sa hannu a sabuwar takarda.

4. Ki tara shaida. Ki ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, da rasit, da saƙon banki ko takardar POS, da kayan yadda aka ajiye su. Ki duba wurin mai tsaya wa bashi. Wani lokaci sunanki ko na mijinki za ki gani an rubuta ba da saninku ba.

5. A rubuta takardar fasawa a ranar. Kiran waya ba ya barin sawu. Ga yadda nake rubuta ta:

"Ni, (suna), ta (unguwa da gari), ina sanar da ku na fasa yarjejeniya mai lamba (lamba) da na dangwala wa hannu ranar (kwanan wata). Ba a karanta mini ita da harshen da nake ji ba, ba a kuma faɗa mini jimillar kuɗin ba. Kada a fara aiki. Ku zo ku ɗauki kayanku, ku mayar mini da naira (adadi) cikin kwana 14."

Gaskiya zalla za a rubuta. Idan an karanta mata, a cire wannan jimlar. A karanta mata wasiƙar ta ji, ta dangwala, marubuciya ta sa sunanta da adireshinta, shaidu biyu su sa hannu. A yi kwafi biyu.

6. A kai ofishin kamfanin. Wanda ya zo gida kamasho yake ci, ba zai so cinikin ya rushe ba, don haka kada wasiƙar ta tsaya a hannunsa. A ofis a buga hatimi da kwanan wata a kwafinki. Idan ofishin ya yi nisa, a tura hotonta ta WhatsApp zuwa lambar da ke kan takardar, a adana saƙon.

Idan sun ƙi

Ki fara da mai unguwa ko dagaci. Idan ɗan kwangilar na yankin ne, sau da yawa a nan magana take mutuwa. Malamai ma sun san iƙala, wato warware ciniki da yardar juna, kuma abu ne da ake kwaɗaitarwa. Ku yarda a cire kuɗin mota ko na dako idan da gaske an kashe, amma a nuna lissafi.

Idan abin ya faskara, sai hukumar FCCPC. Hedikwatarta tana Abuja, tana kuma karɓar koke ta intanet. Jihar Kano tana da tata hukumar kare masu saye. Akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Wani zai yi barazanar kawo 'yan sanda. Ku sani dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Bashi maganar sulhu ce ko ta kotu.

Idan an riga an yi aikin, fasawa gaba ɗaya tana da wuya. Nan sai a nemi ragi, ko gyaran abin da aka ɓata, ko a biya iya abin da aka yi. Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta.

Ina ruwan akwatinmu?

Shawarata, kada a ba da rance don biyan irin wannan bashi sai mamba biyu masu karatu sun ga takardar. Kuɗin akwati gumin mu duka ne. Amma idan dokokin ƙungiyarku sun yarda, asusun taimakon juna zai iya ɗaukar kuɗin motar zuwa ofis da na buga kwafi.

Gwaji

Mata uku su fito. Ɗaya mai talla, ɗaya Inna, ɗaya suruka da ta dawo daga kasuwa. A yi sau biyu: da faɗa, sannan da lallashi. Sauran su faɗi a wanne ne Inna ta fito da takardar.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wa ke zama a gidanku da hantsi idan kowa ya fita?
2. A ƙungiyar nan, su wa za a kira su karanta takardar Turanci?
3. Me ya sa wasiƙa ta fi kiran waya?

Aikin gida

Kowace ta zauna da tsofaffin gidanta kafin zama mai zuwa, ta koya musu amsa guda: "Bar takardar, sai 'ya'yana sun gani." Mai gaskiya zai bari ya dawo gobe. Sakatariya ta kwafi wasiƙar fasawa a bayan littafin ƙungiya, mako mai zuwa za mu ji yadda kowa ta yi.